Ƙarfen Gidan Kanya

Shekarar da mutanen daji suka tashi Gidan Kanya, rabin mutanen ƙauyen suka faɗo garinmu, Unguwar Baushe, nan kusa da 'Yankara. Tsakaninmu da su tafiyar awa guda ce a ƙafa. Asalinsu Maguzawa ne, amma tun zamanin iyayensu suka zama Kirista. Mai gari, Alhaji Mas'udu, ya ce duk mai ɗakin da ba kowa ya buɗe masu. Ni na share shagon da nake tara dusa, na sauki Ɗanlahadi da matarshi Indo, don na daɗe ina sayen shanu a hannunshi. Ni dillalin shanu ne, sunana Almu. Shi yana ce mani Maigida, ni ina ce mashi Dattijo, don dattijon majami'arsu ne.

A lokacin kalma ɗaya ce ke kashe mutum a ƙasarmu: infoma. Ba a neman shaida. In an ga ka sayi burodin da ya fi ƙarfin gidanka, ko an ji ka tambayi ranar da wane zai kai waken suya kasuwa, shi ke nan. 'Yan sa-kai, waɗanda Lawwali ke shugabanta, su ɗauke ka su yi bayan gari da kai, wanda kuwa aka yi bayan gari da shi ba ya dawowa ya ba da labari. Ban ga laifinsu duka ba. Ɓarayin nan ba duba suke yi ba, amma sun san gidan da aka kawo amarya, sun san gidan da aka sayar da sa. Wani ke gaya masu, kuma wanin nan sahu ɗaya muke sallah da shi, ko kasuwa ɗaya muke ci.

Abin da ya sami Ɗanlahadi, ko maƙiyinka ba ka so ya same shi. Babban ɗanshi an harbe shi a gona yana riƙe da garma. An kora shanun huɗar, an ƙone rumbuna uku. Ƙaramin, Barau, magidanci mai 'ya'ya biyu, an tasa shi gaba an shiga daji da shi, wata bakwai ko kiran waya ba a yi ba, har gwamnati ta zo ta rufe layukan waya gaba ɗaya a yankinmu. Indo kuwa tun da suka zo ta kwanta, ƙafafu suka kumbura, abinci sai a bisa lallashi.

To amma ka ga mutumin. Da safe ya saɓa fartanya ya tafi ƙwadago a gonakin mutane, shi da a da yake ɗaukar 'yan ƙwadago goma, yana tafe yana waƙarsu ta majami'a ƙasa-ƙasa. In ka ce mashi ya haƙuri, sai ya ce an gode Ubangiji, fuskarshi kamar wanda aka yi wa kyauta.

Wannan shi ya fara tsaya mani a rai. Na ga masu haƙuri. Mu ma in an yi mana rashi cewa muke Allah ya so haka, amma ana ganin abin a wuyan mutum, a yadda yake haɗiye miyau. A kasuwar shanu na koyi abu guda: in farashi ya faɗi, ka ga mai sa yana zaune yana cin goro hankali kwance, to akwai mai saye da ya ɓoye a baya. Ruwa ba ya tsami banza.

Sai kuma maganar ƙarfe.

A ƙofar majami'ar Gidan Kanya akwai tsohon ƙarfen ƙafar mota rataye a itacen bedi. Shi ne ƙararrawarsu. Garin ya watse, fasto ya kwashe iyalinshi ya koma Funtuwa, sauran mutanen a makarantar firamarenmu suke sujadarsu. Amma duk ranar Lahadi da hantsi sai mu ji ƙarfen daga can, a kangon garin da ba kowa: a buga da sauri-sauri, a tsaya, a sake, har sau uku. Ɗanlahadi ne. Gari na wayewa yake fita, ya buga, ya dawo lafiya lau. Hanyar da samari huɗu da bindigogi ba sa yarda su bi, tsoho ɗaya yana bin ta da sanda kowane mako, ko ƙwarzane babu.

Har mutanensu sun fara ja da baya da shi. In ya shigo sujada a makare, wanda ya zauna kusa da shi sai ya ɗan matsa.

Wata Alhamis Lawwali ya same ni a zaure, ya jingine bindigarshi ta gida a bango. Ya gaishe ni da ladabi, don ni na yi wa ubanshi dillancin san da aka yi bikinshi da shi. Ya ce tun da aka rufe waya, masu kai labari sun koma wasu dabaru: wani hayaƙi yake tayarwa, wani tsumma yake ratayawa a itace. Ya ce shi bai ce komai ba tukuna.

"Amma baƙonka ne, Baba Almu," in ji shi. "Kai ka sauke shi."

Na gane. A sana'armu, in baƙo ya kawo shanun sata, ba shi ake fara kamawa ba, mai masaukinshi ake kamawa.

Da yamma na zauna da Ɗanlahadi a ƙofar shago ina zagaye-zagaye. Na tambaye shi ko hanyar da lafiya, ko dawar da aka bari a can ta yi, ko yana gamuwa da kowa. Yana gyaran ƙotar fartanya yana ba ni amsa guntu-guntu, har ya ɗago ya yi dariya, ya ce shi ba sa ba ne da zan tsaya ina duba mashi haƙora, in akwai tambaya in yi ta. Ban yi ba. Wanda ya tambayi mutum kai tsaye ya koya mashi ƙaryar da zai yi. Na bari sai Lahadi.

Kasuwannin dabbobi a rufe suke a lokacin, ba ni da aikin yi. Ranar Lahadi ya fita, na ba shi rata, na bi bayanshi. Ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsayi, inda ba a noma ba ciyawa ta rufe. Ba zan ɓoye ba, duk ayar da na sani sai da na karanta ta.

Gidan Kanya ya zama kufai. Ɗakuna ba jinka, kabewa ta hau katangu ta yi 'ya'ya ba mai tsinka. Na laɓe a bayan wani rumbun da ya ƙone. Ɗanlahadi ya ɗauko guntun ƙarfe daga ƙarƙashin dutse, ya buga sau ukun nan. Sannan ya shiga majami'ar, wadda aka ɓalle wa ƙofa, ya durƙusa a ƙasa. Ina jin muryarshi ba na jin kalmomin. Ya daɗe. Na ce a raina, to, tsoho ne da ƙarfenshi, bari in koma.

Ina shirin juyawa na ji babur.

Mutum ɗaya ne, ya kai shekara arba'in, ya naɗe baki da rawani, bindiga rataye a baya, jarkoki biyu ɗaure a babur. Ya tsaya a bakin rijiyar da ke gefen majami'a. Ɗanlahadi ya fito, bai gudu ba, bai ko razana ba. Suka gaisa kamar waɗanda suka saba. Mutumin ya ce da shi, tsoho mai ƙarfe, har yanzu ba ka gaji ba? Ɗanlahadi ya ɗauki guga ya ja mashi ruwa, ya cika jarkokin. Na ji ya ambaci Barau. Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ya ce daba ba ɗaya ba ce a dajin nan, shi bai san kowa da wannan suna ba.

Daga nan suka rage murya. Mutumin ya yi wata tambaya, ban ji ta ba. Abin da na gani shi ne Ɗanlahadi ya ɗaga hannu ya nuna gabas. Gabas kuwa nan ne garinmu.

Da babur ɗin ya tafi, na jira shi a hanya, na fito mashi daga cikin dawa. Ya dube ni, ya ce ai tun daga rafi ya san ina biye, don ba wanda ke tari irin nawa a ƙasar Faskari. Ban yi dariya ba. Na tambaye shi me ya nuna wa mutumin. Ya ce tambayarshi ya yi a ina aka ɗauki yaron, ya nuna mashi gonarsu ta gabas. Na ce gonarsu ta gabas da Unguwar Baushe ai layi ɗaya suke. Ya ce haka ne, ba shi ya ajiye su a haka ba.

Na ce ya gaya mani gaskiya, me suke ba shi? Me suka yi mashi alkawari? Don ni ban taɓa ganin wanda aka yi wa abin da aka yi mashi yana waƙa ba.

Ya tsaya a tsakiyar hanya ya dogara sandarshi.

"Maigida, kana tsammanin ba ya mani ciwo? Ran da aka kawo gawar babban a amalanke, na gaya wa Ubangiji maganar da ba zan maimaita maka ba. Kwana uku ban yi addu'a ba. Sai na duba, to in na bar shi, wurin wa za ni? Yesun da nake bi ba a bisa katifa ya mutu ba. Ya san zafi. Ban ce maka na gane abin da yake yi da ni ba, ban gane ba. Amma hannun da na riƙe lokacin da rumbuna ke cike, shi ne dai hannun."

Na ce to ƙarfen fa?

"Tun ina saurayi ni ke buga shi. In Barau na da rai, iska ta kai mashi, zai san yau Lahadi, zai san ubanshi na nan, zai san ba a rufe ɗakin Ubangiji ba. Mutum in ya rasa lissafin kwana a daji, shi ke nan ya fara lalacewa. Su kuma waɗancan mahaukaci suka ɗauke ni, shi ya sa suka ƙyale ni. Ruwa kuwa ba nawa ba ne da zan hana."

Magana ta yi daɗi. Amma na sha jin magana mai daɗi daga bakin wanda ya kawo saniyar sata. Muka taho, ni ina auna shi, shi yana kaɗe raɓa da sanda.

Da Lawwali ya tambaye ni, na ce na bi shi, tsoho ne da ƙarfe da addu'a. Ban ambaci babur ba. Na san in na ambata, ba zai kai la'asar ba. Na kuma san in aka shigo garin nan aka kashe wani, da hannuna a ciki. Kwana goma na yi da wannan abu a ƙirji. Ko ya fita bayan gida sai na bi shi da ido.

Ranar Laraba da hantsi Indo ta cika. Maiɗakina ce a kanta, ita ta rufe mata ido. Matansu suka taru suna kuka suna waƙa, mazan suka ɗauki diga suka nufi filin da mai gari ya ba su a bayan makaranta. Ɗanlahadi ya zauna kusa da gawar kaɗan, ya dafa goshinta, ya tashi ya ɗauki sanda ya fita. Na ɗauka wurin masu haƙa za shi.

Ana kiran azahar muka ji ƙarfe. Ba irin na Lahadi ba. Bugu ɗaya, a jira har ƙarar ta mutu, sannan a sake ɗaya. A hankali, a hankali, ya daɗe ana yi. Mutane suka tsaya da buta a hannu suna kallon juna. Ni kaina sai da na ce yau Laraba, wannan kuma wane saƙo ne?

Bayan la'asar labari ya iso. An tare motar 'yan hatsi da ta taso daga wajen Sabuwa, an tafi da mutum shida, an harbe biyu. Ɗaya daga cikin biyun Abdulkarim ne, ƙanen Lawwali uwa ɗaya uba ɗaya.

A bakin kabarin da ake haƙa 'yan sa-kai suka kama Ɗanlahadi, ya dawo ke nan ya karɓi shebur. Da sun wuce da shi bayan gari kai tsaye, sai dai hanyar ta ƙofar mai gari ta bi, Alhaji Mas'udu kuwa yana zaune a waje. Ya ce a zaunar da shi a nan. Kafin ka ce me, gari ya taru.

Lawwali bai ɗaga murya ba, shi ya fi ba ni tsoro. Idanunshi jajur. Ya ce wata da watanni tsohon nan yana buga ƙarfe ran Lahadi, bugu iri ɗaya, kowa ya san shi. Yau ba Lahadi ba. Ya bar gawar matarshi a ɗaki, abin da ba mai hankalin da zai yi, ya tafi daji ya canja bugu, ba a yi awa biyu ba aka tare hanya. Ya ce in wannan ba alama ba ce, a gaya mashi mece ce.

Mutanen Gidan Kanya suna gefe, kai a ƙasa. Kowa na tsoron in ya buɗe baki a ce tare suke. Wata tsohuwa ce daga cikin mata ta ce bugun mutuwa ne, haka suke yi in an yi rashi. Lawwali ya ce ai dole ta faɗi haka, nasu ne.

Mai gari ya juyo wurina. "Malam Almu, baƙonka ne. Me ka sani?"

Sai da tsohuwar nan ta yi magana na tuna. Shekaru da yawa baya na je Gidan Kanya ɗaukar bijimi, na tarar ana wannan bugu ɗai-ɗai, aka ce mani ba ciniki yau, uban Ɗanlahadi ya rasu. Su haka suke sanar da na gona da na rafi, kamar yadda mu muke aika yara gida-gida. Na faɗi wannan a gaban jama'a, na ce na ji da kunnena tun Lawwali bai fara tafiya ba. Na ce mutumin nan ɗanshi na daji, ba waya, ba ɗan aike. Ya je ya gaya wa ɗanshi uwarshi ta mutu, da harshen da ɗan zai gane.

Wurin ya ɗan yi sanyi. Na ga wasu dattawa suna gyaɗa kai. Amma Lawwali ba yaro ba ne.

"Baba Almu, ka ce ka bi shi ran nan. Ga mai gari, ga liman. Ka rantse ba ka ga kowa tare da shi ba."

Na fara haɗa amsa irin tamu ta dillalai, wadda ba ƙarya ba ce ba kuma gaskiya ba. Zan ce a cikin majami'ar dai shi kaɗai na gani. Har na buɗe baki.

"Kada ka rantse, Maigida," in ji Ɗanlahadi. Yana zaune a ƙasa, hannu ɗaure da igiyar shanu, ƙasar kabari a ƙafafunshi. "Ya gani. Akwai wanda ke zuwa ɗibar ruwa a rijiyarmu. Sau biyar muna gamuwa. Ina ja mashi ruwa, ina tambayarshi ɗana. Ya taɓa tambayata wa ke da shanu a garin nan, na ce ban zo da labarin kowa ba. Yau ban ga kowa ba. Iyakar abin ke nan, Ubangiji na ji."

Wurin ya ɓarke. Wasu samari suka matso, mai gari ya ɗaga sanda. Ni kuwa haushi ne ya fara kama ni. Na kusa fitar da shi, ya maida kanshi rami, ya kuma ja ni ciki, don yanzu kowa ya san na ɓoye magana.

Amma a cikin haushin wani abu ya faɗo mani. Na yi shekara talatin tsakanin mai saye da mai sayarwa. Na ga maƙaryata iri-iri, har da masu kuka da hawaye. Ban taɓa ganin macuci ba wanda dillali ke rufa wa aibin dabbarshi, ciniki ya kusa faɗawa, shi kuma ya ɗaga ƙafar saniyar da kanshi ya ce ku duba nan.

Na faɗa masu haka. Na ce ban ji duk abin da suka faɗa a bakin rijiya ba, ba zan ce na ji ba. Na ce har hannu na ga ya ɗaga ya nuna gabas, kuma kwana goma ina zarginshi fiye da kowa a nan. Na ce amma infoma don a bar mashi nashi yake yi, ko don a ba shi. Wannan me aka bar mashi? Ga matarshi can a shagon dusa ko likkafani sai da aka haɗa mata. Na ce da Lawwali, jinin Abdulkarim ya isa a yau. In kuma dole sai an yi bayan gari da baƙona, to a haɗa da mai masaukin, tunda ni na ɓoye.

Ban faɗi wannan don jarumta ba. Na san Lawwali ba zai iya ɗaure ni a gaban mutanen da suka san ni da ubanshi ba. Abin da ban sani ba shi ne ko hakan zai ishi tsohon.

Alhaji Mas'udu ya ajiye sandarshi a gefe. Sannan ya ce ba za a zubar da jini a garinshi a kan ƙarar ƙarfe ba. Amma dokar gari ce ba a magana da mutanen daji, Ɗanlahadi kuwa da bakinshi ya ce ya yi. A kwance shi ya binne matarshi kafin rana ta faɗi. Gobe da safe ya bar garin, kuma in aka sake ganinshi a hanyar Gidan Kanya, shi mai gari ba ruwanshi. Wani ya ce a je a kwance ƙarfen ma. Mai gari ya ce to, wa zai je? Ba wanda ya amsa.

Lawwali ya ɗauki bindigarshi ya tafi wurin gawar ƙanenshi, bai ce ya yarda ba.

Aka binne Indo rana na ja. Da za a rufe, Ɗanlahadi ya yi addu'a da ƙarfi. A nan ne na fara ganin hawayenshi, suna bin gemu, amma bai tsaya ba. Ya gode don shekara arba'in da ɗaya da suka yi tare. Ya roƙa wa Barau. Ya roƙa wa uwar Abdulkarim haƙuri, ya ambaci mutum shidan da aka tafi da su. Wasu daga cikin mutanenshi suka ce amin, wasu kuwa suka juya suna duban hanya.

Da safe na ga samarin Lawwali uku zaune a gindin tsamiyar da ke mafitar gari, inda ba su saba zama ba. Na koma na sa babbar riga, na ce da Ɗanlahadi ni zan raka shi har Ƙetare, can ƙasar Ƙanƙara, inda ɗiyarshi Bilkisu ke aure. Ya ce wahalar ta yi yawa. Na ce ba don shi ba ne, ina da wanda zan gani a can. Ya ce to, Allah ya sa wanda zan ganin yana gida.

Kayanshi buhu ɗaya ne da fartanya. Na sa shi a damana, na bi ta gefen tsamiyar, kafaɗata na gogar tashi. Na yi wa samarin sallama, na kira kowanne da sunan ubanshi. Suka amsa ciki-ciki. Ɗaya ya miƙe, ya dubi sauran, ya koma ya zauna. Ban waiwaya ba sai da muka hango rumfunan 'Yankara.

An rufe hanyar Sheme, sai muka zagaya ta Funtuwa. A mota na tambaye shi, yanzu Lahadi fa? Wa zai gaya wa Barau? Ya dubi gonaki ta taga. Ya ce abin na cin shi, ba zai ce ba ya cin shi ba. Ya ce amma shi mai buga ƙarfe ne kawai, ba shi ke kai sautin ba. Wanda ya san inda yaron yake bai rasa hanyar yi mashi magana ba.

Mun isa Ƙetare da la'asar. Bilkisu na shanya barkono a tsakar gida, ta ga ubanta ta taso da murna, tana leƙen bayanmu tana tambaya ina Inna, ko tana mota. Ba waya, ba wanda ya gaya mata. Ɗanlahadi ya ajiye buhun, ya kama hannuwanta biyu, ya ce ta zauna tukuna. Ni na fita waje na ba su wuri.

Kwana ɗaya na yi na dawo. Ina shigowa gari na tarar da Lawwali a gindin tsamiya shi kaɗai. Ya gaishe ni kamar kullum, ya yi mani sannu da hanya, na yi mashi gaisuwar ƙanenshi. Sannan ya tambaye ni ta ina muka bi, a ina muka tsaya, da wa da wa na yi magana a tasha. Na ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya. Ya gyaɗa kai, ya ce ba komai, tambaya ce kawai.

Da yamma na je majalisarmu ta ƙofar masallaci. Ana cikin hira, ina zama aka koma maganar tsadar taki.